Manyan Kantunan Kayan Gini: Me Ya Sa Suke Kama Da Juna?

Duk wanda Allah ya kai shi ƙasashen Turawa, ko yake kallon bidiyon da ƴan'uwanmu mazauna can suke turowa, zai lura da wani irin kanti da ake ginawa a bayan gari. Daga waje ba shi da wani kyan gani. Ƙatuwar rumfa ce ta ƙarfe da kwano, gabanta kuma filin ajiye motoci wanda sau da yawa ya fi kantin faɗi. Kana shiga za ka ga jerin katako da siminti da fenti da ƙusa da bututun ruwa da wayar wuta, an tara su a kan ƙarafuna har sun kusa taɓa rufi. A gefe guda akwai wurin sayar da shuke-shuke da taki. Kowane kaya da farashinsa a rubuce, babu ciniki, babu "nawa za ka bari". Ka ɗauki abin da kake so ka zuba a keken turawa, ka biya a bakin ƙofa.

A Amurka sunansa Home Depot ko Lowe's. A Ingila B&Q. A Jamus OBI ko Bauhaus ko Hornbach. A Faransa Leroy Merlin ko Castorama, a Ostireliya kuwa Bunnings. Wasu har launinsu ɗaya: Home Depot da B&Q da OBI duka ruwan lemo suka zaɓa, har mutane da yawa suke ɗauka kamfani ɗaya ne yake canza suna daga ƙasa zuwa ƙasa. Ukun nan kuwa babu abin da ya haɗa su ta wajen mallaka. Kamanninsu ya fito ne daga wurare biyu: sun yi ta kwaikwayon juna ba kunya, sannan dukansu mai saye iri ɗaya suke nema, wato maigidan da ya mallaki gidansa da motarsa, yake hutun Asabar da Lahadi, amma kuɗin kiran kafinta ko mai gyaran famfo ya fi ƙarfin aljihunsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinsu shi ne, tsofaffin cikinsu ba da wannan niyya aka kafa su ba. Hornbach ya samo asali ne a 1877 daga wani mai rufin gidaje, Michael Hornbach, a garin Landau. Bunnings kuwa wasu ƴan'uwa biyu ne, Arthur da Robert Bunning, suka baro Landan suka sauka a yammacin Ostireliya a 1886, suka shiga aikin gini da yankan katako. Lowe's ƙaramin shago ne da aka buɗe a 1921 a North Wilkesboro, wani ɗan gari a jihar North Carolina, ana sayar da ƙusa da kayan doki da kayan masarufi, kamar dai kantin ƙauye. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne surukin gidan, Carl Buchan, ya hango cewa gine-gine za su ɓarke, ya kawar da tarkacen ya riƙe kayan gini kaɗai, ya kuma koma saye kai tsaye daga masana'anta ba tare da dillali ba. Ko a lokacin ma magina ne manyan abokan cinikinsa.

Labarin Leroy Merlin ya fi kowanne daɗin ji. A 1923, a Nœux-les-Mines, garin masu haƙar kwal a arewacin Faransa, Adolphe Leroy da matarsa Rose Merlin suka buɗe shagon sayar da ragowar kayan da sojojin Amurka suka bari bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunan shagon Au Stock Américain. In ka so ka ce ƴan gwanjo ne, ba ka yi ƙarya ba. Yankin nasu yaƙi ya ragargaza shi, kowa yana neman abin da zai rufa wa iyalinsa asiri, don haka a hankali cinikinsu ya karkata ga kayan gini. Sai a 1960 kamfanin ya ɗauki sunayen ma'auratan biyu, kuma a yau yana cikin mafi girma a duniya a wannan harka.

To me ya faru tsakanin 1945 da 1970 har waɗannan shagunan suka rikiɗe?

Da farko dai gidaje ne suka yawaita. A Amurka dokar da aka yi wa tsofaffin sojoji a 1944 ta sauƙaƙa musu bashin sayen gida, kamfanoni kuma suka shiga gina unguwanni a bayan birane. Levittown kaɗai, wadda aka fara a 1947 kusa da New York, ta haura gida 17,000, kusan duka fasali ɗaya. Wannan batu na fasali ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Idan ƙofofi da tagogi da bututu duka suna bin awo ɗaya, mai kanti zai iya sayo dubbai ya jera, yana da tabbacin za su shiga gidan kowa. A Turai kuwa yaƙi ne ya rusa birane, aka dawo ana sake ginawa, masu sana'ar hannu suka yi ƙaranci, ladansu ya hau.

Sannan kayan aikin kansu sun sauƙaƙa. A 1946 kamfanin Black & Decker ya fito da ƙaramar na'urar huda bango da katako mai aiki da lantarki, wadda aka yi ta musamman don gida. Fentin da ake sirkawa da ruwa ya shigo kasuwa, tare da abin shafa shi mai mirginawa, ta yadda wanda bai taɓa riƙe burushi ba zai iya shafe ɗaki a wuni ɗaya. A 1954 mujallar Time ta sa wannan sabuwar ɗabi'a ta "yi da kanka" a bangonta. Mu ƴan gidan rediyo ma muna da hannu a ciki, ko in ce ƴan'uwanmu na talabijin. A Ingila akwai Barry Bucknell na BBC, wanda miliyoyin mutane suke zama kallonsa yana nuna yadda ake kafa kanta da gyaran ƙofa, har a 1962 aka ba shi wani tsohon gida a unguwar Ealing ta Landan ya yi ta gyara shi mako-mako a gaban kyamara. Mai shirin koyarwa yakan ɗauka ilimi kawai yake rabawa, alhali kasuwa yake share wa wasu.

Saura hanyar sayarwa. A da, shagon kayan gini yana da kanta tsakanin mai saye da kaya. Ka faɗi abin da kake so, yaron shago ya shiga ciki ya ɗauko. In ba ka san sunan abin ba, ka sha kunya a gaban magina. Tsarin ɗauki-da-kanka ya fara ne a kantunan abinci, tun daga Piggly Wiggly da aka buɗe a Memphis a 1916. Wanda ya yaɗa shi a Turai kuwa wani ɗan asalin Kolombiya ne, Bernardo Trujillo, wanda kamfanin NCR mai ƙera na'urorin karɓar kuɗi ya ɗauka yana shirya wa ƴan kasuwa bita a garin Dayton na jihar Ohio tun daga ƙarshen shekarun 1950. Karatunsa ba shi da tsawo: a tara kaya tuli, a karya farashi, a bar mai saye ya taɓa da hannunsa, kuma kantin da ba shi da wurin ajiye mota ba shi da ciniki. NCR ba don Allah take wannan hidima ba, na'urorinta take son sayarwa. Amma waɗanda suka kafa Carrefour sun halarci bitar, haka ma Gérard Mulliez mai Auchan, wanda danginsa suka shiga Leroy Merlin a 1979 suka kuma mallake shi ba da daɗewa ba.

Daga nan sai abin ya zama kamar an ɗaura aure da tafiya Amurka. Heinz-Georg Baus ya ga kantunan ɗauki-da-kanka a can, ya dawo ya buɗe Bauhaus a Mannheim a 1960, a fili mai murabba'in mita 250 kacal. Otmar Hornbach ya je ya gani, a 1968 ya buɗe kanti a Bornheim wanda ya haɗa kayan gini da kayan lambu a rufi ɗaya. A watan Maris na 1969 Richard Block da David Quayle suka buɗe nasu a unguwar Portswood ta Southampton, da sunan Block and Quayle, wanda daga baya aka gajarta ya koma B&Q. A wannan shekarar dai Christian Dubois ya buɗe wanda zai zama Castorama a Englos, kusa da Lille. A 1970 Emil Lux da Manfred Maus suka buɗe OBI na farko a Hamburg, mai murabba'in mita 870. Shekara goma ke nan, ƙasashe uku, kuma duka da tunani ɗaya. Doka ma ta taimaka musu: Ingila a 1964, Jamus ta Yamma kuma daga 1974, sun hana masana'antu tilasta wa masu kanti farashin da za su sayar da yawancin kaya, sai ƙofar karya farashi ta buɗe.

Sunayen ma suna da labari. OBI yadda Faransawa suke furta kalmar Ingilishi ta hobby ne, wato aikin da mutum yake yi don sha'awa a lokacin hutunsa. Castorama kuwa daga castor ya fito, sunan wata dabbar ruwa mai kama da ƙatuwar gafiya, wadda take sare itace da haƙoranta ta gina wa kanta gida. Faransawa sun riga sun san kalmar da wata ma'ana, domin bayan yaƙi an yi ƙungiyoyin ma'aikata da ake kira Castors, waɗanda ba su da kuɗin sayen gida, sai suka riƙa haɗuwa bayan tashi daga aiki da ranakun hutu suna gina wa juna. Ɗaya daga cikin na farko ita ce ta Pessac, kusa da Bordeaux, a 1948. Mu da muka san aikin gayya ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ita wannan dabba ce kuma OBI ya ɗauka ta zama tambarinsa a Jamus.

Ka ga ke nan Home Depot, wanda mutane suke ɗauka shi ne uban tafiya, ƙane ne a wajen duk waɗannan. An haife shi ne daga kora. A watan Afrilun 1978 aka sallami Bernie Marcus da Arthur Blank daga Handy Dan, wani kamfanin kayan gyaran gida a California. Marcus yana dab da shekara 50 a lokacin. Abokinsu Ken Langone ya tara musu jarin dala miliyan 2, suka jawo Pat Farrah wanda ya san kan kaya, suka kuma ari dabarar Sol Price, mutumin da ya fara sayar wa jama'a kaya a cikin sito a kan farashin sari. Ranar 22 ga Yunin 1979 suka buɗe kantuna biyu a Atlanta, kowanne ya haura murabba'in mita 5,000, wato ya ninka OBI na farko wajen sau shida.

Kuɗinsu bai isa cika wannan fili ba. Kamar yadda su da kansu suka sha ba da labari, sai suka karɓo kwalaye da gwangwanayen fenti marasa komai a ciki suka jera a can sama, don mai shigowa ya ga kamar kaya sun yi yawa. Ranar buɗewa suka ba ƴaƴansu takardun dala ɗai-ɗai su tsaya a ƙofa suna raba wa duk wanda ya shigo, har yamma ta yi kuɗin ba su ƙare ba saboda ƙarancin mutane. Amma akwai abu ɗaya da suka yi wanda a ganina ya fi girman ginin muhimmanci. Sun ɗauki kafintoci da masu aikin famfo da na lantarki aiki a cikin kantin, suna koya wa mai saye yadda zai shimfiɗa tayil ko ya canza famfo. Sun gane cewa tsoro ne yake hana mutum sayen zarto, kuma wanda ka cire wa tsoron nan gobe zai dawo sayen katako. Cikin shekara goma suka wuce Lowe's. A yau suna da kantuna sama da 2,300 a Amurka da Kanada da Meksiko.

Nan kwaikwayon ya sake juyawa. Lowe's ya bar ƙananan shagunansa ya koma gina manya. B&Q ya fito da nasa kantunan masu fasalin sito a shekarun 1990, bayan ya shafe shekaru yana shari'a da hukumomi kan hana ciniki ranar Lahadi, har aka sassauta dokar a 1994. Wannan rigima ta Lahadi ta nuna wanda suke nema: mutumin da sai ranar hutu yake da lokacin ɗaukar guduma. Bunnings ya buɗe kantinsa na farko irin na sito a unguwar Sunshine ta Melbourne a 1994, kuma duk wanda ya san Home Depot ya san inda aka ɗauko zanen. A Chile, Sodimac wanda ya fara a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwar magina a 1952, shi ma ya bi wannan hanya. Wasu kuma suka haɗe: B&Q da Castorama sun shiga inuwar kamfani ɗaya, Kingfisher, tun daga 1998.

Mutum zai zaci tunda kantunan kama ɗaya ne, duk wanda ya yi nasara a gida zai yi a waje. Tarihi bai nuna haka ba. Home Depot ya shiga Chile a 1998, ya tarar da Sodimac ya riga shi sanin mutanen, a 2001 ya tattara ya fita. Lowe's ya haɗa gwiwa da Woolworths na Ostireliya suka buɗe Masters a 2011 don su kayar da Bunnings, zuwa ƙarshen 2016 aka rufe kantunan duka, sama da 60. Shi kuma Bunnings, nasara ta hau masa kai, ya sayi Homebase na Ingila a 2016 kan fam miliyan 340. Ya sallami manyan jami'an da suka san kasuwar, ya kwashe kayan ƙawata ɗaki irin su labule da matasai waɗanda mata suke zuwa saye, ya cika wurin da kayan aikin ƙarfi. Bayan shekara biyu ya sayar da kamfanin kan fam 1. Fam ɗaya tak, mai karatu.

Darasin da ya fi kowanne girma a ƙasar Sin aka koye shi. B&Q ya shiga Shanghai a 1999, OBI ma ya shiga, amma a 2005 ya sayar wa B&Q kantunansa. Home Depot ya zo a 2006 ya sayi wani kamfani mai kantuna 12. Lissafinsu a kan takarda ba shi da aibi: miliyoyin mutane suna sayen gidaje a karon farko, kuma yawancin gidajen ana miƙa su ne bango da daɓe kawai, sai mai gida ya sa komai. Abin da lissafin ya manta shi ne wanda zai yi aikin. Ma'aikata suna kwarara daga ƙauyuka, ladansu da araha. Mai kuɗin sayen gida a bene na ashirin ba shi da garejin ajiye kayan aiki, kuma ba ya ganin wata burgewa a ce an gan shi da guduma, shi da iyayensa suka sha wahala don ya tsere wa aikin ƙarfi. Shi kuma ɗan kwangilar da ya ɗauka ya fi son zuwa kasuwar da za a yi ciniki a kuma ba shi la'adarsa. A watan Satumban 2012 Home Depot ya rufe manyan kantunansa bakwai da suka rage, kamfanin da kansa ya amsa cewa mutanen ƙasar sun fi son a yi musu a kan su yi da kansu. Ba a jima ba Kingfisher ya sayar da kashi 70 cikin 100 na B&Q na Sin ga kamfanin Wumei na cikin gida.

Wanda ya san kasuwar Katako a Yamai, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, labarin Sin ba zai zame masa baƙo ba. A wajenmu magini ko kafinta ne yake zuwa kasuwa, ko ya raka mai gida. Gidan kuma ba a wata shida ake gama shi da bashin banki ba. Bana a sayi bulo, baɗi a sa kwano, in kaka ta yi kyau a sa ƙofofi, kowace taga kuma mai walda ne zai auna ramin da aka bari ya ƙera ta daidai da shi. Ɗan kasuwar da ya san ka zai ba ka buhu goma na siminti bashi zuwa ƙarshen wata, ko ka biya yau ya ajiye maka sai ka tashi. Babu na'urar karɓar kuɗin da ta iya wannan. Ban ga gazawa a cikinsa ba, kasuwa ce da ta bi yadda mutanenta suke gini. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta fi samun irin waɗancan kantuna: akwai Builders Warehouse, Leroy Merlin ma ya buɗe a yankin Johannesburg a 2018. Amma ko a can, kamfanin da ya fi kutsawa unguwannin talakawa da ƙauyuka shi ne Cashbuild, wanda aka kafa a 1978, kuma ƙarfin cinikinsa siminti ne da bulo da kwano ga masu gini sannu a hankali.

Su ma a ƙasashen da aka haifi "yi da kanka", mai sayen da aka gina kantunan dominsa ya fara ja da baya. Waɗanda suka koyi riƙe guduma a shekarun 1960 da 1970 sun tsufa, ba sa iya hawa tsani. Matasa da yawa haya suke zaune saboda tsadar gidaje, ɗan haya kuwa ba ya fasa bangon wani. Shi ya sa manyan suka juya suna neman mutumin da suka faro da niyyar kewaye shi. Kingfisher ya sayi Screwfix tun 1999, kamfanin da ƙarfinsa yake wajen masu sana'a, kuma shagunansa ƙanana ne masu kanta, ka faɗi abin da kake so a shiga ciki a ɗauko maka, kamar dai shagon da aka baro a baya. Kusan rabin cinikin Home Depot a yau daga magina da ƴan kwangila yake fitowa, kuma a 2024 ya biya dala biliyan 18.25 ya sayi SRS Distribution, kamfanin da yake kai wa masu rufin gidaje kaya har wurin aiki.